Shekarar da Aka Yi Huɗa da Hannu

Akwai wata matashiya a wani ƙauye da ke arewa da Ɗambatta, sunanta Maijidda. In an ambaci shekarar da takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, kowa wahala yake tunawa. Ita kuwa Muntaka take tunawa.

Ranar kasuwa ce. Ta kai gyaɗar innarta, tun safe babu mai saye, duk wanda ya taya sai ya ce ba shi da tsabar kuɗi. Can wani dogon saurayi, Muntaka, ya tsaya a gabanta.

"Ina son gyaɗar, amma ni ma ba ni da ko sisi a aljihu," in ji shi. "Me Inna ta ce ki sayo mata da kuɗin?"

"Manja da gishiri da sabulu."

Ya kai ta shago, ya zaro kati. Mai shago ya soka shi a 'yar na'ura, ta yi ƙara, ta fito da takarda. Aka miƙo mata kayan.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," ya ce yana murmushi. A hanyar gida sau biyu tana wuce kwanarsu.

Bayan shekara aka ɗaura musu aure. Ta tare a gidansu, inda yake zaune da yayansa Ado da matar Adon, Zuliha. Kowane ɗaya daga cikin 'yan'uwan yana da sa guda. In damina ta faɗi sai su haɗa su a garma, yau gonar Ado, gobe gonar Muntaka. Sa ɗaya ba ya jan garma, don haka abincin gidan gaba ɗaya a wuyan shanun nan biyu yake.

Da rani Muntaka yakan tafi Kano tuƙa keke mai ƙafa uku. A can wani kamfani ya ba shi sabon kati. Wannan ba irin na da ba ne, wanda abin da ka ajiye kawai kake cira. Da shi kana iya kashe abin da ba ka da shi, ƙarshen wata ka biya da ƙari.

Ya bar mata shi, ya koya mata lambobin. "In kina son wani abu, ki aika wajen Mati mai shago. Kamfanin zai biya, ni kuma in biya su daga baya."

Rabin farko na maganar ne ya zauna mata.

Ba wani abu babba ta taɓa saya ba. Yau taliya, don ta gaji da daka. Gobe madara da burodi. Jibi man shafawa mai ƙamshi. Farashi yana ta hawa a ƙasa, amma ita ba ta ji, domin ba ta taɓa miƙa kuɗi ta ga hannunta ya koma wayam ba.

Zuliha kuwa a bakin zane take ƙulle nata kuɗin. Kafin ta kwance ƙullin sai ta yi tunani sau uku.

"Yaya Zuliha, ke da wannan ƙulli naki!" in ji Maijidda tana dariya. "Kafin ki kwance shi ai miya ta ƙone."

"Amarya, bar ni da shi. Shi ne yake gaya mini gaskiya kullum da safe. Naki fa, ya taɓa ce miki ya gaji?"

"Nawa ba ya magana."

"To shi ne abin tsoron."

Muntaka ya dawo da hadarin farko. Ya rame. Wayarsa ba ta hutawa, in ta yi ƙara sai ya fita bayan gida ya amsa. Ta tambaye shi, ya ce abokai ne. Da ta ce sukari ya ƙare, ya ce ta aika wajen Mati kamar kullum.

Ran nan da safe ta fito ta tarar yana goge jikin sansa, ya sa masa sabuwar igiya. Ado yana tsaye gefe, ya harɗe hannuwa.

"Maigida, ina za a kai shi? Ba gobe za ku fara huɗa ba?"

Ado ne ya amsa, a hankali.

"Kasuwa. Mai keken ya karɓe kekensa tun tsakiyar rani, bashin katin kuma kullum ƙaruwa yake yi. Masu katin sun fara kiran mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, har liman sun kira."

Ta dubi mijinta. "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kin shigo gidan nan kina ganina mai iyawa," ya ce, idonsa a kan igiyar. "Na kasa buɗe baki in ce miki babu."

Aka tafi da san. Na Ado ya wuni yana kuka a turke.

Maijidda ta shige ɗaki tana jiran Zuliha ta zo ta faɗa mata magana, domin taliyar da Zuliha ba ta ci ba ta jawo wa gonar mijinta asara. Da la'asar Zuliha ta shigo, riƙe da ƙwaryar gero.

"Tashi, Amarya. Gobe da hannu za su yi huɗa, fura mai yawa za su sha. Ke ki surfa, ni in daka."

Wannan ya fi zagi shiga jikin Maijidda.

Washegari da rana ta kai musu furar gona. Abin da shanu kan gama kafin azahar, su biyu ba su ci rabinsa ba. Muntaka ya zauna a gindin ɗorawa ya miƙo hannu zai karɓi ludayi, sai ta ga tafinsa duk ya yi bororo, wasu sun fashe.

Ta riƙe hannun. Ba ta ji kunyar Ado da ke wurin ba.

"Maigida, ka ji ni, Yaya ma shaida ne. Daga yau abin da ke hannunmu shi za mu ci. Ranar da babu, ka ce mini babu. Wallahi zan ce to, kuma ba za ka ragu a idona ba."

Darasi: Kuɗin da ba ka ji fitarsa ba shi ya fi saurin cinye gida, kuma bashin cefanen yau da kullum yakan faɗa har kan wanda bai ci ba. Ku saba da faɗa wa juna "babu" tun abin yana ƙarami. Ku tura wa ma'aurata da masu shirin aure, wataƙila wani ya tsira da sansa.