Bakin Dogo

Akwai wani tela a kasuwar Gusau, shekaru kaɗan kafin a samu 'yancin kai, sunansa Yusha'u, amma saboda tsawonsa kowa Dogo yake ce masa. Ku da kuke shan dariya a wasannin talabijin idan saurayi ya ji rabin magana ya ɗauka da shi ake, ku matso. Dogo ya yi nasa tun talabijin ba ta zo ba, kuma shi a gaske ya yi.

Allah ya ba shi fararen haƙora da wushirya, shi kuma ya ɗauki abin ya ɗora a ka. Ko gaisuwa ce sai ya wangale baki, don kada a yi asarar kallo.

Yana da budurwa a Tsafe, Jummai, mai haƙuri da kunya. An kai gaisuwar iyaye, an ce biki sai bayan kaka.

A bayan rumfarsa kuwa akwai wata kyakkyawar bazawara 'yar Bungudu mai suna Habiba, tana tuyar waina. Manyan 'yan kasuwa sun yi zarya, duk ta sallame su.

Wata rana abokinsa Shu'aibu mai goro ya faɗo rumfar yana haki. Shu'aibu kuwa kunnensa ya fi hankalinsa sauri.

Ya ce, "Dogo, ka taki sa'a. Da kunnena na ji Habiba na ce ma ƙawarta, ita in ta samu bakin Dogo, ta gama samun duniya. Wai ko barci ba ta iyawa don tunaninai."

Dogo ya tsayar da keken ɗinki, ya jawo madubi. Ya ce, "Dama na sani. Haƙuri dai ta kai ƙarshenai."

Mai hankali da ya tambaya. Ina! A ranar ya aika Tsafe cewa ya janye, wai ya samu wadda ta san darajar bakinsa. Wallahi wannan saƙon har yau ba ni haushi yake yi.

Kwana biyu ya yi yana asuwaki da gawayi har dasashinsa ya yi jini. Ranar kasuwa ya zuba babbar riga, ya je ya tsaya a gaban tandar Habiba, ga masu saye sun kewaye ta. Sai ya buɗe haƙora kawai.

Habiba ta ɗago kai. "Malam Dogo, lafiya? Haƙori ka ciwo?"

Ya ce, "Ki bar ɓoye-ɓoye, Habiba. Abin da ke hana ki barci ne ya kawo kansa. Ga bakin Dogo."

Da ta gane, sai da ta zauna a ƙasa don dariya.

Ta ce, "Bawan Allah, bakin dogo na ce, can tasha inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Wurin tuya nike biɗa, inda leburori masu lodin gyaɗa ke cin abinci. Mi zan yi da bakinka, waina zan soya cikinai?"

Kasuwa ta ɗauka da dariya. Shu'aibu ya sulale da faifan goronsa, ko sallama babu.

Sai a lokacin Jummai ta faɗo wa Dogo a rai. Washegari ya hau jirgi zuwa Tsafe, yana ta shirya ban haƙuri a hanya.

Jummai ta fito zaure da kayan toshinsa a ƙulle cikin zane. Idonta ya kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

Ya ce, "Jummai, kuskuren ji ne aka yi."

Ta ce, "Shu'aibu ya yi kuskuren ji. Saƙon da ya iske ni kuwa ba shi da kuskure, daga bakinka ya hito. Da ita ta ce tana so, da yanzu kana nan?"

Dogo ya buɗe baki, karon farko a rayuwarsa ya rasa abin da zai nuna. Ta ajiye masa ƙunshin a gabansa, ta koma cikin gida.

Darasi: Kada ka saki wanda ya riƙe ka da gaskiya saboda rabin maganar da aka kawo maka. Girman kai ne ke sa mutum ya ɗauka duk zancen duniya a kansa ake yi, kuma baki shi ke yanka wuya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman Shu'aibun da ke unguwarku.