Jirgin da Aka Jira Mutanensa Su Mutu

An ce, cikin wani tsohon littafi da ruwa ya ci gefensa, wani attajiri mai suna Mazadu ya loda jirginsa da dabino da turamen yadi, shi da ƙanensa Ilu da matuƙa tara. Da suka iso tsibiran Sarki Barmo, jirgin ya hau dutse ya tsage, ga tudu ana hange.

To, mutanen wurin suna da wata muguwar al'ada: jirgin da ya fashe, in ba wanda ya fita da rai, kayansa nasu ne. Sai suka jera kwalekwalensu a gaɓa, suka zauna gyaran taru. Kwana huɗu na cikin jirgi suna kira, ƙishirwa tana ɗauke su ɗai-ɗai. Ilu ya cika, kansa bisa cinyar wansa, yana kallon hayaƙin girkin mutane.

Mazadu ya rungumi katako, ruwa ya kai shi tudu. Ya tafi fada ya faɗi, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban zo neman dabino ba. Ƙanena na zo tambaya."

Aka kira Sarkin Ruwa Gwadabe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa muka taɓa? Haka muka tarar kakanni suna yi."

Sarki ya dubi fadawa, ya ce, "Wanda bai ɗaga hannu ba, ya yi kisa?" Kowa ya sunkuyar da kai.

Sai Tabawa, wata tsohuwa mai ƙyafe kifi, ta durƙusa ta ce, "Zaki, a garinmu an yi wani da kawunsa ya faɗa rijiya. Shi ne magajinsa. Ya zauna bakin rijiyar, igiya a cinyarsa, har muryar ta ɗauke. Alƙali ya hana shi gadon, ya ce igiyar nan ita ce wuƙarsa." Ta juya ta ce, "Kai Gwadabe, kwalekwale nawa gare ka?"



Sarki ya tuɓe Gwadabe nan take, ya mayar wa Mazadu kayansa. Ya sa aka yi shela: daga yau wanda ya fito da mai rai shi ke da rabo, jirgin da ba a ceci kowa ba kuwa a ƙone shi da kayansa. Tabawa aka ba ta gida da kujera a fada.

Mai iya ceto in ya zauna yana kallo, kada ya ce hannunsa tsarkake yake. Iyakar abin da littafin ya faɗa ke nan, Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.