Jajjagen Sanneng

Akwai wani gidan cin kifi a bakin teku a nan birnin Makassar, ya haura shekara hamsin ana gasa kifi a cikinsa. Manyan gari ne ke ci a wurin. Matata Sanneng ta yi shekara ashirin da shida tana aiki a kicin ɗinsu, ita ke yin jajjagen barkonon da ake dangwala kifi. Ni kuwa Daeng Tarru (Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu), keken haya nake tuƙawa. Kullum ta ƙofar baya nake sauke ta.

Takan ce min, "Daeng, ranar da na ajiye aiki, ta ƙofar gaba za ka shiga da ni. In zauna, wani ya yi jajjagen, ni kuma in kushe."

Saura wata uku ta ajiye aikin Allah ya karɓi abarsa.

Da aka yi kwana ɗari da rasuwarta, na saka rigar da nake zuwa biki da ita, na tafi da azahar. Abu ɗaya nake so: in cika mata alkawari, in kuma ɗanɗana hannunta ko sau ɗaya, in ya rage a gidan.

Matar da ke bakin ƙofa ta duba littafinta cikin ladabi. "Baba, sai an kama tebur tun mako biyu. Yau babu wuri."

Na juya ke nan na ji an ce, "Kai, mijin Sanneng! Yau ina keken? Ka sha ado kamar mai neman aure!"

Daeng Ngalle ne, shugaban masu kai abinci, tsoho kamata. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Sai ya kama hannuna har teburin da ke jikin taga, wanda ba mai zama sai mai gidan.

Na ce, "Daeng, kar a kore ka saboda ni."

"A waɗannan shekarun? Wa zai iya korata, ko gwiwata ta kasa."

Ya jera faranti biyu, ɗaya nawa, ɗaya a gaban kujerar da ya ware wa Sanneng. Ban roƙe shi ba.

Aka kawo gasasshen kifi da ƙaguwa da shinkafa, da jajjage a ɗan kwano. Na dangwala na kai baki. Na ajiye hannuna. Babu Sanneng a ciki ko kaɗan.

Ina zaune haka mai gidan ta shigo, Ci Giok, wadda muke kira Ci, tana dogara sanda. Ta dube ni, ta dubi farantin da ba kowa, ta dubi Daeng Ngalle.

"Wane ne a teburina?"

"Mijin Sanneng ne, Ci. Ni na zaunar da shi."

Ta ɗan jima a tsaye. Sai ta ja wata kujerar, ba ta Sanneng ba, ta zauna. "Yaya abincin, Daeng?"

Na tuna abin da matata ta ce za ta yi in ta zauna a nan. Na ce, "Ci, kifin ya gasu. Amma wannan jajjagen, da mai shi na nan, da ta watsa shi ta taga."

Ci Giok ta yi dariya har da hawaye. "Ka ji ko, Ngalle? Bakinta sak! Wata uku baƙi na min ƙorafi. Masu girki huɗu sun gwada. Ba ta taɓa rubuta komai ba."

Na ce, "Injin markaɗe kuka saka. Kuma ba ku gasa daddawar jatan landen a ganyen ayaba ba. Lemun tsami ba ya shiga turmi, sai an kwashe."

"Kai ina ka san wannan?"

"Ci, a gida ba ta taɓa turmi. Cewa take ta daka wa gari, ba za ta dawo ta daka wa ƙato ba. Shekara ashirin da shida ni ke yi, tana tsaye a kaina tana faɗa."

Muka shiga kicin, aka nemo turminta na dutse a ƙarƙashin tebur, ya yi ƙura. Na naɗe hannun rigar biki. Ina dakawa ina jin muryarta: a hankali, Daeng, barkono ne, ba abokin gabarka ba.

Ci Giok ta ɗanɗana ta rufe ido. Daeng Ngalle ya juya baya, wai barkono ne ya shiga masa ido.

Na ɗebi kaɗan a kwano na koma tebur, na ajiye gaban kujerarta. Na dangwala na ci. Ga ta nan. Ashe hannun da na zo nema har cikin gari, a jikina yake.

Yanzu duk Litinin ina zuwa in koya wa masu girkinsu. Ci Giok ta kafa doka ɗaya: ta ƙofar gaba zan riƙa shiga.

Darasi: Kada ka yi ƙyashin ba mai baƙin ciki wurin zama, don ba ka san abin da ya riƙo maka ba. Kuma ka saurari faɗan masoyinka tun yana raye, wata rana shi ne gadon da zai bar maka. Ku tura wa wanda har yanzu ake yi masa faɗa a kicin, ya gode wa Allah.