Ƙwaryar da Ta Ɗaga Dutse

An ce wani sarki, a wata ƙasa da ba zan faɗa ba don jikokinsa suna nan da ransu, yana da alƙali mai suna Mamuda. Aibin alƙalin nan ɗaya ne: ba ya duban fuska. Ran da ya ƙwace gonar wani makaho daga hannun surukin sarki ya mayar masa, sarki ya ce, "Nauyin mutumin nan ya yi wa fada yawa. A kai shi Tungar Ƙaya, can bakin iyaka, inda ko tari ya yi ba mai ji."

Aka kai shi, sarki ya sha iska. Sai masu ƙara suka kama hanyar Tungar Ƙaya, fatake suka bi masu ƙara, mahauta suka bi fatake, har kasuwar birni ta zama makiyayar awaki.

Wata safiya sarki yana zaga lambu da tsohon wazirinsa Jatau, ya ce, "Waziri, na nesanta mutum don ya yi sauƙi, ga shi yana ɗage mini birni. Ina dalili?"

Waziri ya tsaya gaban jigon ban ruwa: dogon itace kwance kan gwafa, dutse ɗaure a gajeren gefe, ƙwarya cike da ruwa tana reto a dogon.

"Ya sarki, dutsen nan ya yi nauyin ƙwaryar sau huɗu. Wa ya fi ƙarfi?"

"Dutse mana."

"Kamu nawa tsakaninsa da gwafa?"

"Ɗaya."

"Ƙwarya fa?"

"Huɗu."

"To, ƙarfin juya itace, nauyi ne sau nisa. Huɗu sau ɗaya, ɗaya sau huɗu, kunnen doki ke nan." Ya matsar da igiyar ƙwarya kamu guda, zuwa ƙarshen itacen. Dutse ya yi sama kamar an kira sunansa.

Sarki ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe. Amma ni a gindin gwafa nake zaune. Nauyina sau babu, ai babu ne."

Nan take sarki ya aika da doki da alkyabba a dawo da alƙali. Manzo ya tarar alƙali ya rasu, ana sadakar bakwai ɗinsa. Doki ya komo ba mahayi, mutanen da suka tafi kuwa ko ɗaya bai biyo shi ba.

Sarki ya kama linzami hawaye na zuba, ya ce, "Wanda ya kori adalci nesa bai rage masa nauyi ba, tsawon hannu ya ƙara masa."