Maginin da Ya Karɓe wa Gwauruwa Dutsenta

Akwai wani mutum a wata ikkilisiya, magini ne mai hannu, ga ladabi har ya so ya yi yawa. Tun yana ƙarami uwarsa ta hore shi kada ya ga babba da kaya a ka ya wuce. Wannan tarbiyya ta bi jikinsa, har tsofaffin unguwa in sun hango shi sukan fara sassauta wuya tun bai iso ba.

Wata shekara ikkilisiyar ta tashi waɗansu 'yan'uwa su ƙetare iyaka zuwa wata ƙasa, su gina makaranta a wani ƙauye inda yara ba su taɓa zama a aji ba. Maginin ne ya fara ɗaga hannu. Suka yi ta tafiya har harshen mutane ya canja, abinci ma ya canja. A cikin waƙar da aka tarye su da ita, sunan Yesu kaɗai suka gane.

Da suka sauko daga mota, sai ga mutanen ƙauyen a jere, kowa da dutse a ka, an kuma riga an haƙa ramin harsashi. Maginin ya yi murna ƙwarai. Ko ruwan da aka ba shi bai gama sha ba ya kwance kayan aiki, ya hau kwaɓa siminti. Mai bisharar garin, wanda shi kaɗai ke jin Hausa a cikin mutanen ƙauyen, yana can yana gaisawa da shugaban tafiyar. Maginin bai ga abin jira ba.

A can ƙarshen layi akwai wata tsohuwa gwauruwa, ɗauke da dutse mai baƙi a gefe ɗaya, wuyanta na rawa. Maginin ya ruga, ya rusuna, ya ce, "Sannu, Mama. Kawo in karɓa miki."

Tsohuwar ta riƙe dutsen da hannu biyu, tana ta magana da harshenta. Ya yi dariya, don a gida ma haka tsofaffi suke, sai sun ce a bari kafin su saki. Ya ɗage dutsen daga kanta, ya kai shi kusurwa, ya dasa shi da kyau. Sauran mutane suka matso, kowa ya ajiye nasa da hannunsa, shi kuwa yana bi yana cikewa. Tsohuwar ta daɗe a tsaye da gammo a hannu, sa'an nan ta juya gida. Maginin ya wuni yana jin daɗin kansa.

Kashegari da safe mai bisharar ya same shi a bakin gini, ya ce, "Malam, jiya ba a hura wuta a gidan tsohuwar nan ba. Dutsen murhunta ne ta ciro ta kawo."

"Ai na sa shi a wuri mai kyau," in ji maginin. "A kusurwa ma."

"Kai ka sa shi. A nan, gidan da ke son ɗansa ya shiga makarantar, mutumin gidan ne zai ajiye dutse da hannunsa a idon jama'a. Tana da jika marainiya. Saboda ita ta ɗauko shi."

Maginin ya ce, "Amma taimako na yi. To, a roƙi dattawa su bar yarinyar ta shiga."

"Dattawa sun yarda. Ita ce ba ta yarda ba. Ta ce jikarta ba za ta yi karatu kamar baƙuwa a garin ubanta ba."

Maginin ya dubi kusurwar. Ta kai gwiwa, ta miƙe sambal, simintin ya kama. Simintin kuwa daga nesa aka kawo shi, ba shi da yawa. Ya ji kunya, ya kuma ji haushi, domin ba abin da ya fi ciwo kamar a ce wa mutum alherinsa ne ya yi ɓarna. Sa'an nan ya ɗauki guduma.

Abokan tafiyarsa suka ce, "Ɗan'uwa, lafiya? Gini muka zo yi ko rushewa?" Ya fasa aikin hannunsa, yana ware duwatsun mutane gefe don masu su su sake ajiyewa, har ya kai ga mai baƙin gefe. Ya kankare shi, ya bar shi nan a ƙasa. Sai ya tafi gidan tsohuwar tare da mai bishara, ya durƙusa, ya ce, "A gaya wa Mama na yi kuskure. Dutsenta yana jiranta."

Ta zo. Ta sunkuya, ta kama dutsen, ya ƙi tasowa. Ta sake kamawa, tana nishi. Hannuwan maginin suka fara tafiya da kansu, sai ya mayar da su baya, ya damƙe ɗaya da ɗaya. Tun da ya fara gini bai taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan tsayuwar ba. Da ƙyar ta rungumi dutsen, ta taka zuwa ramin, ta ajiye shi a ɗan karkace. Ya tambaya ko ya sa siminti. Ta gyaɗa kai. Haka ya gina a kansa, bai gyara shi ba. Da aka buɗe makarantar, tsohuwar da kanta ta riƙo hannun jikarta ta kai ta aji.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, maginin nan mu ne, mu masu son yin alheri da sauri. Ba mugu ba ne, abin da ya koya a gida ya yi. Laifinsa ɗaya: ta yi masa magana, bai tsaya ya ji abin da take faɗa ba. Dutsen shi ne rabon da Allah ya ba kowane mutum a cikin aikinsa, kome talaucinsa, kome tsufansa. Ubangiji yana da ikon gina ikkilisiyarsa ba tare da mu ba, duk da haka yakan tsaya ya jira mu kawo namu a karkace.

Ba sai kun ƙetare iyaka ba. Akwai tsohon da kuka hana share ɗakin sujada don tausayi, yanzu ya daina zuwa. Akwai matar da kuka ce ta bar baikon da take bayarwa a ikkilisiya don ba ta da shi, ta koma gida kanta a sunkuye. Waɗansu kaya nauyi ne, ku karɓa da gudu. Waɗansu kuwa su ne mutuncin mai su. Ba za ku bambanta su da ido ba, sai kun tambaya. In kuwa kun riga kun karɓe, kada ku tsaya kuna cewa taimako kuka yi. Ku je ku durƙusa, ku mayar wa mutum da abinsa.