Kumburin da Dattijo Ya Ɓoye

An yi wani mutum a Romi. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Fomen ne, shugaban leburori, a wata masana'anta a Kudenda, kuma dattijo ne a ikilisiyarsu. Ran Lahadi shi ne a kujerar gaba da farar riga fes. Matarsa Comfort ita ke ba da waƙa a zumuntar mata.

A shekarar da sojoji suka fara sa mutane bin layi a tasha, ƙarfe ya faɗo masa a gwiwa a wurin aiki. Gwiwa ta kumbura suntum. Likita ya rubuta masa wata ƙwaya mai magani biyu a cikinta, ɗaya na kashe zafi, ɗaya na saukar da kumburi. Ya ce masa, "Malam, kwana biyar kawai, kuma sai ka ci ka ƙoshi. Kada ka haɗa da giya, kada ka ba wani. In aka zarce tana cin ciki, tana taɓa ƙoda."

Ya sha yadda aka ce, ya warke sarai. Ya 'yan'uwa, maganin nan ba shi da laifi. Allah ne ya ba likitoci hikimarsa, don lebura ya koma aikinsa, tsohuwa ta taka ƙafarta.

Amma cikin duk bayanin likita, abu ɗaya mutumin nan ya riƙe. Ya ga kumburi ya sauka cikin kwana ɗaya.

To, bari in gaya muku abin da farar riga ta rufe. Mai dukan mace ne. Ran Asabar ana tashi aiki da rana, ya dawo gida da haushin Baturen masana'anta, ya sauke a kan Comfort. Miya ta yi gishiri, duka. Yaro ya fasa kofi, duka. Sai dai da can ba ya taɓa fuskarta, don gobe Lahadi ce, mata za su gani su yi tambaya. Kun ji? Ba tsoron Allah ke tare hannunsa ba, tsoron Lahadi ne!

Da ya sami ƙwayar nan, wannan ɗan tsoron ma ya tafi. Ya je wani kemis a Kakuri ya saya, ba takarda, ba tambaya. Kai ma mai kemis, kana da taka amsar a gaban Ubangiji.

In ya gama aika-aikarsa sai ya kawo kofin ruwa da hannunsa, kamar mai tausayi.

"Sha biyu, Maman Haruna. Gobe kada ki ba ni kunya."

"Baban Haruna, ban ci komai ba. Bakina ba ya taunawa."

"Na ce ki sha."

Sai ta sha. Da safe fuska ta sauka, hoda ta rufe sauran, ta tsaya gaban jama'a ta ba da waƙa. Shi kuwa yana kujerar gaba yana kaɗa kai, a ransa yana cewa ya yi dabara.

Gidan haya suke, bango ɗaya da maƙwabta. Ba wanda ya ji? Ƙarya ne! Sun ji, suka ƙara muryar rediyo.

Likita ya ce kwana biyar. Comfort ta kusa shekara tana sha, ciki ba komai. Ƙwannafi ya fara damunta. Idonta ya yi fari fat, in ta sunkuya a rijiya jiri ya ɗebe ta. Bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, jini ne ke zuba a ciki ba ta sani ba. Ta ce masa cikinta yana ci kamar wuta, ta roƙe shi ya kai ta asibiti.

Asibiti? Inda za a ɗaga riga a ga haƙarƙari? Ina! Ya ce ai ciwo ne, ga maganin ciwo a gida. Ya ƙara mata biyu daga abin da ke kashe ta.

Ran Lahadin godiyar kaka, mata suka shigo da buhunan masara a ka suna rawa. Comfort ta ɗaga murya, ba ta kai ƙarshen baiti ba ta durƙusa. Jini ya zubo ta bakinta a kan zanen zumunta. Ran Talata da hantsi ta cika a asibiti.

Mama Rebecca, shugabar zumunta, ita ta yi mata wanka. Ƙwaya tana saukar da kumburi, amma ba ta goge tabo. Ta ga bayan Comfort, ta ga gefen cikinta. Da ta shiga ɗaki neman zanen da za a sa mata, ta ci karo da gwangwanin madara cike da bawon ƙwayoyi.

A bakin kabari dattijo ya miƙe da farar rigarsa zai yi wa jama'a godiya. Mama Rebecca ta tako ta juye gwangwanin nan a ƙafarsa. Ta ce, "Dattijo, ga kayanka. Ba za mu yi mata waƙa kana tsaye a nan ba."

Mata suka juya masa baya gaba ɗaya. Ba ganga, ba waƙa, sai da ya ja ƙafa ya fita. Washegari Matthew, wan Comfort, ya kwashe yaran ya tafi da su ƙauye. Ikilisiya ta sauke dattijon daga kujera.

Ya tuba? Bai tuba ba. Ya koma gidan burukutu. Tsohon ciwon gwiwa ya tashi, ya riƙa watsa ƙwayar nan a baki ba ƙa'ida yana korawa da giya. Ƙoda ta gaza. Ƙafa ta kumbura, ciki ya kumbura, fuska ta kumbura har ido ya shige. Likitan nan na farko ya dube shi ya ce, "Malam, ba kwana biyar na ce maka ba?"

Mutumin da ya ɓoye kumburin matarsa ya zauna a ƙofar gida, duk Romi tana wucewa tana kallon nasa. Ba ƙwayar da ta saukar da shi. Haka ya mutu.

Ya 'yan'uwa, raina a ɓace yake. Magani amana ne, ka bi yadda likita ya faɗa, kada ka zama likitan gidanka. Mace amana ce, ba gangar da za ka doka ba. Kai da ke da kofin ruwa da ƙwaya biyu a gidanka, wa kake ɓoye wa? Allah ya ga hannunka tun ran Asabar. Ke kuma maƙwabciya, in kin ji kuka ta bango, kashe rediyo ki buga ƙofa. Da mutum ɗaya ya buga, da yau Haruna yana da uwa.

Ubangiji ya tsare hannuwanmu daga zalunci, ya buɗe bakinmu inda shiru zai kashe rai. Allah ya kiyaye mu. Amin.