Mafarkin da Ba Ta Faɗa Ba

An yi wata mata a nan Kalgo, ya 'yan'uwana mata a cikin Ubangiji. Ba zan faɗi sunanta ba, sauran sunayen da za ku ji ma na aro ne. Ku da kuka fara zungurar juna a layin baya, ku huta, ba don a nuna kowa da baki na kawo labarin ba.

Aure ne ya kawo ta daga ƙasar Zuru. Mijinta malamin firamare ne, mutum mai shiru-shiru. 'Yarsu ɗaya tilo, Maryamu. Sana'arta turara shinkafa: ta sayo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kai injin casa. A Zumuntar Mata kuwa wurinta can baya ne, tana buga tulu idan ana waƙa. Shekara goma sha biyar tana zuwa kowace Alhamis, ba a taɓa tambayarta ra'ayinta a kan komai ba. Ba ta yi ƙorafi ba, amma abin yana cin ta a rai.

Wata rana a ƙarshen damina, ta sauke tukunya ta kishingiɗa a inuwar rumfa, barci ya ɗauke ta. Sai ta ga kanta a fadama. Ruwa yana tahowa a hankali, babu ƙara, babu igiya, yana hawa kan damman shinkafar da aka yanke aka tara. Balbelu suna tsaye a kan damman, ruwan ya kai musu ƙirji, ba su tashi ba. Ko'ina ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ta farka rana tana nan tsaka, tsakar gidan a bushe, amma ƙanshin bai bar hancinta ba, wani tsoro mai sanyi kuma ya zauna mata a ƙirji.

Kun san al'adarmu. Bayan waƙa, kafin a buɗe Maganar Allah, akan ba da fili ga mai shaida. Ranar Alhamis ta ajiye tulu ta miƙe, ta faɗi abin da ta gani. Wasu suka murmusa. Mama Larai, tsohuwar da ke shugabantar zumunta, ba ta murmusa ba. Ta koma gida ta sa 'ya'yanta suka kwashe shinkafarsu zuwa tudu. Ta aika wa maƙwabcin gonarsu, Malam Lawali na Wurogauri, shi ma ya kwashe tasa, yana cewa ai kashedi ba ya da addini. Kwana huɗu tsakani gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shafe abin da aka bari.

Wannan mafarki na gaskiya ne. Ku riƙe wannan. Allah ne ya yi mata magana, ta ji tsoro, ta yi biyayya, gidaje suka ci abinci a shekarar.

Daga nan aka matso da ita layin gaba. Mai tulu ta zama Mama. 'Yan'uwanmu na Gwandu, su da ba su da yawa, sukan cika mota su zo ranar Alhamis don su ji ta. Da safe kafin ta hura wuta, mata sun tsaya a bakin ƙofa: "Mama, ko an nuna miki wani abu a kaina?" Wace ce a cikinmu za ta rantse cewa wannan ba zai yi mata daɗi ba?

Sai Ubangiji ya yi shiru. Ta kwanta a rumfar nan, a kan tabarmar nan, babu komai. Idan ma ta yi mafarki, bai wuce akuyar maƙwabta ta shigo tana cin shanya ba. Wata ɗaya, wata biyu, mata suna zuwa tana cewa su ci gaba da addu'a, tana kuma lura da yadda suke juyawa jiki a sanyaye.

Ranar da ta fara ƙaga mafarki, ba da mugunta ta fara ba. Wata yarinya ce ta zo tana kuka a kan rashin haihuwa. Matar nan ta dube ta, tausayi ya kama ta, ta ce, "Na gan ki a gindin mangwaro kina dariya." Yarinyar ta share hawaye ta tafi da murna. Ba wanda ya mutu, sama ba ta faɗo ba. Matar ta ce a ranta, ai ƙarfafa zuciya ce.

Ta gane hanya. A layin injin casa kunnenta a buɗe yake: wane ne ke neman canjin wurin aiki, wace ce mijinta ya daina cin tuwonta. Ta tattara ta dawo gida, tana juya shinkafa a rana tana saƙa mafarkin Alhamis. Ta iya saƙar kuwa. Tana sa koguna, da fararen tsuntsaye, da haske mai saukowa a kan rufin kwano, har mata su lumshe ido suna kaɗa kai. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tata ta yi fure har ta rufe mata ido.

Mama Larai ce kaɗai ta ja ta gefe wata rana bayan an tashi. Ta ce, "Ɗiyata, Allah ba famfo ba ne da za a murɗa kowace Alhamis. In ba ki ga komai ba, ki ce ba ki gani ba. Ba wanda zai kore ki." Matar ta durƙusa ta yi godiya, a zuciyarta kuwa ta ce tsufa ne da kishi.

A lokacin Maryamu ta yi aure. Mijinta shi ma malami ne, yana koyarwa a Masama, wajen Gwandu. Ta sami ciki na fari. Da cikin ya tsufa, Habiba, ma'aikaciyar jinyar da ke yi mata awo, ta taɓa ta sake taɓawa, sannan ta ce, "Ɗan ga a gicciye yake kwance. Kada ki yarda naƙuda ta iske ki ƙauye. Ki tahi Birnin Kebbi ki zauna kusa da babban asibiti, in ta kama a yi aiki a yi."

Maryamu yarinya ce, jin kalmar aiki ya tsinka mata zuciya. Ta taho Kalgo, ta tsaya a gaban zumunta ta roƙi addu'a. Duk idanu suka juya wajen uwarta. Mai gani wa 'ya'yan wasu, ashe ba ta gani wa tata ba?

Uwar ta miƙe. Ta saƙa mafi kyawun mafarkin da ta taɓa saƙawa. Ta ce ta ga ɗakin Maryamu na Masama, hasken safiya yana shigowa ta taga, jariri yana kwance a kan sabon zane yana wasa da ƙafa, babu mota, babu wuƙa. Mata suka rangaɗa guɗa. Maryamu ta rungume ta tana kuka. Ta koma Masama ta kwance kayan da ta fara haɗawa. Mijinta ya yi magana, Habiba ta zo har gida ta yi magana, amsa ɗaya take ba su: Ubangiji ya riga ya nuna wa Mama.

Ran Litinin da rana matar nan ta kishingiɗa a rumfa. Sai ga fadama. Sai ga ruwan nan mai tahowa babu ƙara. Maryamu tana tafe a cikin shinkafa, sanye da zanen zumunta, ta nufi ruwan. A kan tudu akwai mota tsaye, ƙofarta a buɗe. Uwar ta kira ta. Maryamu ta waiwayo ta yi mata murmushi, irin murmushin ɗan da ya amince, ta ci gaba da tafiya. Ruwan ya kai mata gwiwa, ya kai mata ƙugu, balbelu suna kallo.

Uwar ta farka da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancinta. Shekara uku rabonta da shi. Ba ta bukaci mai fassara ba.

Ku dubi jinƙan Allah, 'yan'uwana. Matar da ta yi shekaru tana sa magana a bakinsa, ita ya sake yi wa magana, ya kuma ba ta kwana uku. Me ake bukata? Wayarta tana ƙulle a bakin zanenta. Ta kira ta ce, 'yata, wancan ni na ƙaga shi, tashi ki tafi asibiti yau.

Amma ranar Alhamis ɗin nan ce babban taro na matan Kalgo da na Gwandu, ranar da Mama Larai za ta sauka ta ɗaura mata ɗankwalin shugabanci. In ta warware mafarki ɗaya, sauran duk za su bi. Ta tuna Habiba ta ce da sauran mako uku. Ta ce a ranta, bari Alhamis ta wuce, ran Juma'a da kaina zan je in ɗauko ta, in ce an sake nuna mini wani abu.

Sau biyu ta kira Maryamu. Ta tambaye ta jiki, ta tambaye ta ko tana cin abinci. Ta buɗe baki za ta faɗa mata gaskiya. Maryamu ta ce, "Mama, ni hankalina a kwance yake, tunda kin gani." Uwar ta ce, "To, Allah ya raba lafiya," ta kashe wayar.

Da asubar Alhamis naƙuda ta tashi. Mijin ya samo mota. Maryamu ta riƙe ƙafar gado ta ce ba inda za ta, a ɗakin nan aka nuna. Hasken safiya ya shigo ta taga, ya kai tsakar ɗaki, ya fita. A Kalgo ana waƙa ana ɗaura wa uwar ɗankwali, waya tana ta motsi a bakin zanenta. Ta ji. Ta bari sai an gama waƙar.

Sai da ƙarfin Maryamu ya ƙare sannan Habiba da mijin suka ɗauke ta suka sa a mota, suka kama hanyar Birnin Kebbi. Ba su kai Ambursa ba. Ita da abin da ke cikinta, babu wanda ya rayu.

Alhamis ta gaba uwar ta shigo ba ɗankwali. Da aka ba da filin shaida ta miƙe ta faɗi komai, tun daga gindin mangwaro har ran Litinin.  Mijinta bai yi mata faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da kin gaya mini ran Litinin, da a kafaɗa zan ɗauko ta." Tun daga ranar magana ta ƙare a gidan, sai gaisuwa.

Ta daina turara shinkafa. Kullum da rana takan shimfiɗa tabarma a rumfar nan ta rufe ido, ko za ta sake ganin Maryamu ko da daga nesa. Ba ta ƙara yin mafarki ba. Mama Larai takan dogara sanda ta je ta zauna kusa da ita, ta yi mata addu'a, ta tuna mata cewa jinin Yesu ya isa ya wanke har wannan. Gaskiya ne, ya isa, kuma na gaskata an gafarta mata. Amma gafara ba ta mayar da motar nan baya ba.

Ya 'yan'uwana mata, ba rashin bangaskiya ce ta kashe Maryamu ba. Ta ba da gaskiya da dukan zuciyarta, sai dai ga maganar mutum ta ba da ita. Ku auna kowane mafarki da Maganar Allah, ko daga bakin wa ya fito, ko da na uwar da ta haife ku ne. Allahn da ke magana a mafarki shi ne kuma ya koyar da hannun Habiba.

Ke kuma da Ubangiji ya yi miki shiru a kwanakin nan, ki jira shi. Shirunsa ba ƙiyayya ba ce. Cewa "ban ga komai ba" shi ma shaida ce, kuma mai buga tulu a layin baya ba ta ɓace masa ba. In kuwa akwai abin da ya ce ki gyara, kina ta cewa bari Alhamis ta wuce, to yau ce Litinin ɗinki.

Ubangiji ya koya mana jiransa idan ya yi shiru, da saurin biyayya idan ya yi magana. Ya ta'azantar da uwar nan a rumfarta. Allah ya kiyaye mu da son suna, ya kiyaye 'ya'yanmu daga bakinmu, a cikin sunan Yesu. Amin.